Maɗaci da tafarnuwa a ruwan kaji: sun isa su tsare akurki idan hunturu ya shigo?

Uwargida daga Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu kiwon kajin gida. Sanyi ya fara leƙowa da asuba, kuma kowa ya san abin da hunturu ke zuwa da shi a akurki. Surukata ta ce in jiƙa sassaƙen maɗaci in riƙa zuba musu a kasko, maƙwabciyata kuma ta ce tafarnuwa da barkono sun fi. Kajina na Hausa ne, sake suke kiwo a tsakar gida, wasu suna da 'yan tsaki a bayansu. Wanne zan bi, kuma yaya ake auna shi? Ina tsoron in yi musu yawa in kashe su da hannuna.

Baba mai kaji daga Achida:
Wa alaikumus salamu ɗiyata. Bi ta surukarki, ta san abin da taka faɗi. Maɗaci shi munka iske iyayenmu na ba kaji tun ba a san kantin maganin dabbobi ba. Ki samu ɓawon iccen, ki wanke, ki jefa cikin tulu ki bar shi shi kwana. Da safe ruwan na yin ja-ja. In kin ga ya yi jawur to ya yi ƙarfi, sai ki sirka da ruwa, don in ɗaci ya yi yawa ba su sha, ƙishirwa ta kama su. 'Yan tsaki kuwa a sirka musu ƙwarai. Wasu na fasa gautar kaji su sa ciki, wasu barkono. Ni duka ina sawa, kuma alhamdu lillahi ban rasa kaji gidana ba.

Matashi daga Wurno:
Anti, mu nan tafarnuwa ce sana'armu, ita muke ba namu. Sala biyu ko uku a lita ɗaya ta ruwa, amma a daddaka ta, kar a jefa ta ɗungurungum. A bar ta ta ɗan sha iska bayan an daka kafin a zuba. Kuma ruwan na yini ɗaya ne, da yamma a zubar a wanke kaskon, don idan ya kwana wari yake yi, kajin su ƙaurace masa. Ba kullum ba, kwana biyu ko uku a mako ya isa. Abin da na lura shi ne suna cin abinci sosai, gashinsu yana sheƙi.

Ɗalibar likitancin dabbobi:
Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Ina neman izini in raba maganar gida biyu, domin tambayar Anti ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne.

Akwai gina jikin kaza, akwai kuma tsare ta daga annobar hunturu. A na farko ganye da saiwa suna da aiki, ba na musu. Tafarnuwa idan aka daka ta ne take fitar da sinadarin da ake kira alisin, mai hana wasu ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa, shi ya sa maganar ɗan'uwanmu na Wurno ta daka ta daidai ce. Barkono kuma ba ya cutar da su, domin tsuntsaye ba sa jin yajinsa yadda mu muke ji.

Amma ciwon da ke share akurki a hunturu, wanda kaza take sakin fiffike tana gyangyaɗi, tana kashi ruwa-ruwa fari ko kore, tana buɗe baki tana numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe kanta ya juya baya, mafi yawan lokaci ciwon Niyukasil ne. Ƙwayar bairas ce ke kawo shi. An fara gane shi a 1926 a tsibirin Jaba na Indunusiya da garin Niyukasil na Ingila, kuma daga wancan lokaci zuwa yau ba a samu maganin da ke warkar da kazar da ta kamu ba, na bature ko na gargajiya. Rigakafi kawai ake yi. Idan mai zafin ya shiga cikin kajin da ba a yi wa rigakafi ba, yana iya kwashe kusan duka. Don haka Anti ki ba su tafarnuwarki, amma kar ki kwanta da tunanin kin rufe ƙofa.

Baba mai kaji daga Achida:
Ɗiyata, karatunki na da kyau, Allah shi yi albarka. Amma ni abin da idona ya gani nika faɗi. Shekarar da ciwon ga ya shigo unguwarmu, maƙwabta sunka yi ta kwasar mushe, ni kajina da sunka sha maɗaci da yawa sun tashi. Mi za ki ce ma wanga?

Ɗalibar likitancin dabbobi:
Na yarda sun tashi Baba. Abin da zan ce shi ne, a tsofaffin kajin Hausa akwai waɗanda ciwon ya taɓa kamawa a wata shekara suka tsira, jikinsu ya riga ya san shi. Irin waɗannan ko ruwan rijiya zalla aka ba su za su iya tashi. Kuma ƙwayar ciwon ba ƙarfi ɗaya gare ta ba, akwai mai zafi akwai mai sauƙi. Tambayar da zan yi, da girmamawa: 'yan tsaki da sagaru fa a waccan shekarar, nawa suka kai damina?

Baba mai kaji daga Achida:
Ƙananan kam sun tafi da yawa. Amma ƙanana ko yaushe haka suke, shirwa ta ɗauki nata, sanyi shi ɗauki nai.

Hajiya daga Runjin Sambo:
Baba ka yi haƙuri in sa baki, domin ni abin a kaina ya faru. Ni ma 'yar maɗaci ce, ban taɓa barin kaskon kajina babu shi ba. Bara da hunturu na ga wani zakara a kasuwa, jajir da shi, zankonsa a tsaye, na ce wannan zai gyara mini iri. Na kawo shi gida da la'asar na sake shi cikin kajina. Bai yi mako ba ya fara tsayawa a gindin bango ya dunƙule, gashinsa ya tashi. Kafin in ankara sauran sun bi. Da safe sai in buɗe akurki in tarar da biyu ko uku a sandare. Wata uwar kaji da nake ji da ita, na same ta tana zagaye a wuri ɗaya, wuya a karkace, tana son ta tsinci gero amma bakinta ba ya sauka a kan tsabar. Na ɗura mata ruwan maɗaci da cokali, na ɗura na gauta, na buɗe kafso ja da yalo na zuba, duk a banza. Kajin nan su ne kuɗin makarantar allon yarana da sabulun wanki, su nake kamawa in sayar idan wata lalura ta taso. Na yi kuka ba kaɗan ba. Ba ina cewa maɗaci ba shi da amfani ba ne, amma na ga iyakarsa da idona.

Uwargida daga Mabera:
Innalillahi. Allah ya mayar miki da alheri Hajiya. Jikina ya yi sanyi, domin ni ma ina shirin sayen zakara a makon nan.

Malamin gona mai ritaya, Arkilla:
Amin. Hajiya, Allah ya musanya da mafi alheri. Abin da ya same ki shi ne hanyar da ciwon nan ya fi bi ya shiga gida. Idan ya fara a wani gida, mai kajin yakan yi sauri ya kwashi waɗanda ba su nuna alama ba ya kai kasuwa don kar ya yi asara duka. Kaza tana iya ɗauke da ƙwayar daga kwana 2 har zuwa 15 kafin ta nuna. To kin ga mai saye ba zai gane ba. Duk tsuntsun da aka sayo, ko aka ba ku kyauta, a kife shi daban nesa da akurki, da kaskonsa daban, har ya wuce waɗannan kwana 15. Uwargidan Mabera, idan zakaran nan bai zama dole ba ki bari sai sanyi ya wuce.

Yanzu maganar rigakafi, domin na lura mutanenmu sun ɗauka na masu gidan gona ne kawai. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafin wannan ciwo. Akwai LaSota, wanda aka fi sani, ana sa shi a ruwan sha, amma yana son firiji, zafi kaɗan ya lalata shi. Akwai kuma I-2, wanda masana a Ostireliya suka samar musamman saboda kajin ƙauye a ƙasashe masu zafi. Shi ya fi jure rashin firiji, duk da haka ba a barinsa a rana, a naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen ƙyalle idan za a ɗauko. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama har ɗan tsako, a riƙe ta sai ta ƙifta ɗigon ya shige. Ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu. Yana ɗaukar kusan mako biyu kafin jiki ya gina kariya, shi ya sa ake yi kafin hunturu ya kankama. Idan ciwo ya riga ya shiga akurki lokaci ya ƙure, kuma ba a yi wa kazar da ba ta da lafiya.

Abin da ke hana mutane shi ne kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa ba ta ajiyuwa. Mafita ita ce gidajen layi ɗaya su haɗa kuɗi, a sa rana, kowa ya hana kajinsa fita da safe, mutum ɗaya ya bi gida-gida. Wannan ma ya fi amfani, tunda kajinmu tare suke kiwo a bola ɗaya. A tambaya a asibitin dabbobi na gwamnati ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, za su faɗi wanda ake da shi a lokacin.

Baba na Achida, ni ban zo in raba ka da maɗaci ba. Jikanka da ke cin tuwo ya ƙoshi, yana shan nono, ai duk da haka ana kai shi allurar ƙyanda. Haka nake kallon abin.

Baba mai kaji daga Achida:
Malam, to in anka yi ɗigon ga, ana iya ci gaba da ba su maɗaci? Don ni ba ni bari.

Malamin gona mai ritaya, Arkilla:
Ana iyawa Baba. Sharaɗi ɗaya ne: ranar rigakafi, da kwana ɗaya kafin ta da kwana ɗaya bayanta, a ba su ruwa zalla. Musamman idan na ruwan sha ne za a yi, kar a haɗa shi da maɗaci ko tafarnuwa ko dogon yaro, domin ƙwayar da ke cikin rigakafin mai rai ce, an dai raunana ta, abu kaɗan ke kashe ta. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin ma yana kashe ta, a yi da ruwan rijiya mai tsabta, a cikin roba ba kwanon ƙarfe ba. A ɗauke musu ruwa na awa ɗaya ko biyu don su ji ƙishi, su shanye da wuri.

Mai sayar da dusa:
Ni kuma ta ɓangaren ciki zan shigo. Mata da yawa suna zuwa wurina neman magani alhali yunwa ce ke damun kajinsu. Da rani babu ƙwari babu ɗanyar ciyawa, dusar gero kaɗai ba ta riƙe kaza mai ƙwai. A nan ne zogale yake da rana. A shanya ganyen a inuwa, a daka, a sa cokali ɗaya ko biyu a mudun dusa. Za ki ga gwaiduwar ƙwai ta yi jawur. Kar a cika, idan ya yi yawa sukan rage ci. A ƙara musu garin ƙuli-ƙuli kaɗan da ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka. 'Yan tsaki kuma a nemo musu gara, babu abin da ke tashinsu kamarta.

Sai dai don Allah a riƙa shinshina dusa kafin a saya. Wadda ta sha danshi ta dunƙule tana warin ruma, ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa.

Ɗalibar likitancin dabbobi:
Gaskiya ne Alhaji. Busasshen ganyen zogale kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne, ga sinadaran da jiki ke mayarwa bitamin A. Ita kuma ruma a masara da gyaɗa tana fitar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, tana kuma raunana garkuwar jiki har rigakafin ma ya kasa kamawa da kyau.

Sannan maganar kafso da Hajiya ta ambata, ba ita kaɗai ba ce, kusan kowane gida ana yi. Kafso ja da yalo maganin bakteriya ne, ba ya taɓa bairas. Kuma yana sauka a ƙwai da nama, yaranmu su ci, gobe a ba su irin maganin a asibiti ya ƙi aiki. Wannan ya fi damuna fiye da komai a zancen nan.

Inna daga Gidan Igwai:
Ku kun tsaya ga na sha, ni ƙuma ta dame ni. Kazata na kwanci ta tashi ta bar ƙwai saura kwana kaɗan su ƙyanƙyashe. Da na ɗaga ta sai ga su jajaye birjik cikin ciyawar da taka kwanci, har hannuna sunka hau. Mi aka yi musu?

Baba mai kaji daga Achida:
Wagga kam fagena ce. Ki kwashe ciyawar duka ki ƙone. Ki share akurkin, ki bi tsagogin bango da tafasasshen ruwa, don can suka ɓoyewa da rana, da dare su fito su sha jini. In ya bushe ki barbaɗa toka mai sanyi, ta icce, ki shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro ƙarƙashin sabuwar ciyawa. Kuma ki yi musu wurin birgima: rami kaɗan a inuwa, yashi mai laushi da toka. Kaza da kanta taka wanka ciki. Ita mai kwancin ki shafa mata toka ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya, ki kiyaye ido. Bayan mako guda ki sake, don ƙwan ƙumar na ƙyanƙyashewa.

Malamin gona mai ritaya, Arkilla:
Ba ni da abin ƙarawa a kan wannan, haka ake yi. Illa in ce kar a shafa wa kaza kananzir ko fiya-fiya, na ga inda hakan ya kashe uwa da 'ya'yanta. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa 26 zuwa 28, don haka kazar da aka sa wa ƙwan zabi ta fi daɗewa a zaune, ita ƙuma ta fi ci. A gyara wurin tun kafin a sa mata ƙwan.

Matashi daga Wurno:
Malam, bagaruwa fa? Kakata tana jiƙa wa masu zawo.

Ɗalibar likitancin dabbobi:
Bagaruwa tana tsayar da zawo saboda sinadarin tanin, wanda shi ne dai majema ke nema a cikinta wajen jimar fata. Amma tsayar da zawo daban, kashe abin da ya kawo shi daban, kuma idan ta yi yawa tana hana jiki cin moriyar abinci. Idan ka ga jini a kashin 'yan tsaki, musamman da damina da ƙasan akurki ke jiƙe, yawanci ciwon koksidiya ne, yana da maganinsa mai suna Amprolium, ba tsada gare shi ba. Jinkirin kwana biyu kana gwada saiwa zai iya cinye su.

Kuma ba duk abin da ya tsiro a bayan gida ake ba kaza ba. 'Ya'yan zurma guba ne, haka zaƙami, haka ruwan tumfafiya. Albasa ma idan ta yi yawa tana lalata musu jini.

Hajiya daga Runjin Sambo:
To ni tambayata, waɗanda suka fara nuna alama, a yanka a ci ko a'a? Lokacin nawa wasu sun ce in yi sauri in yanka kafin su mutu. Raina bai kwanta ba na binne su.

Malamin gona mai ritaya, Arkilla:
Kin yi daidai Hajiya. Da ido ba a iya bambance Niyukasil da murar tsuntsaye, alamunsu sun yi kama sosai, sai an kai ɗakin gwaji. Ita kuwa murar tsuntsaye tana kama mutum, kuma wajen yanka da figa da fiɗa ne aka fi ɗauka. An fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a jihar Kaduna, kuma tun daga nan takan lafa ta dawo. Idan kaji suna faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, fuska ta kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, a kai rahoto ofishin likitan dabbobi. Mushen a sa leda a hannu a ɗauka, a haƙa rami mai zurfi a binne ko a ƙone. Jefawa a bola ko kwata shi ke kai ciwon gidan maƙwabci, kare ya ja, kajin wani su tsattsaga. Yara kuma a hana su wasa da mara lafiya.

Baba mai kaji daga Achida:
Maganar binnewa na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ɗigon ido kuwa zan gwada ga rabin kajina bana, rabi in bar su ga maɗaci, in gani da idona.

Ɗalibar likitancin dabbobi:
Baba da za ka ji tawa da ka yi musu duka, don ina jin tausayin rabin da za a bari. Amma idan haka ka zaɓa, ka ɗaura wa waɗanda aka yi wa zare a ƙafa don kar su rikice maka, kuma ka tabbata akwai sagaru da 'yan tsaki a kowane ɓangare, kar tsofaffin su taru a gefe ɗaya.

Wata daga Dundaye:
Assalamu alaikum, na jima ina karantawa. Mu a gidanmu kaji da zabi da agwagi duk wuri ɗaya suke kwana. Su ma ana yi musu ɗigon? Kuma kazar da ke kan ƙwai fa, a tashe ta?

Malamin gona mai ritaya, Arkilla:
Wa alaikumus salam. Zabi suna kamuwa, a yi musu tare da kajin, sai dai a kama su tun da asuba kafin su fice, don idan gari ya waye ba za su kamu ba. Agwagi sukan ɗauki ƙwayar ba tare da sun nuna ciwo ba su shafa wa kaji, don haka a raba musu wurin kwana da kaskon ruwa. Mai kwanci kuma ba sai an tashe ta ba, a je inda take a hankali, a riƙe kanta a ɗiga mata, a bar ta a kan ƙwanta. Idan 'yan tsakin suka fito sai a haɗa su a zagaye na gaba.